AZURFAR IYAYENMU: A SAN DARAJARTA KAFIN A KAI TA KASUWA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar ci gaban garinmu



Gabatarwa

Muna godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar ba mu wannan dama. An saba a irin wannan zama a tattauna batun hanya da asibiti da rijiyar burtsatse da kuɗin jarrabawar yara, kuma duk sun cancanci a yi ta nanata su. Amma bana mun zaɓi mu karkata ga wata dukiya da ke kwance a ɗakunan iyayenmu mata, a ƙasan adaka ko cikin tsohuwar kwalla, an ƙudundune ta cikin tsumma, ta yi baƙi don daɗewa. Muna nufin tsofaffin kayan ado na azurfa: mundaye da warwaro da zobba da 'yan kunne da sarƙoƙi da abin wuya, waɗanda kakanninmu suka shiga ɗakin aure da su.

Dalilinmu shi ne kasuwa ta motsa. A shekarar 2001 ana sayar da oza ɗaya ta azurfa ƙasa da dalar Amurka 5 a kasuwar duniya. A watan Oktoba na 2025 farashin ya haura dala 50. Daga cikin abubuwan da suka jawo haka akwai buƙatar masana'antu, domin azurfa ta fi kowane ƙarfe saurin wuce da lantarki, ana sa ta cikin farantan sola da wayoyin hannu da motoci. A duk lokacin da ƙarfe ya yi irin wannan tashi, masu saye kan bazu gida-gida, su yi tayi da sauri, su biya nan take, kashegari kayan su faɗa wuta. Abin da maƙeri ya ɓata mako yana zanawa, cikin 'yan mintoci ya koma dunƙule. Ku da kuke birane, ku ake buga wa waya idan za a sayar da wani abu a gida, ku ake tambaya idan an zo rabon gado. Saboda haka ya zama wajibi ku san abin da ake magana a kai, domin Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu.

Mece Ce Azurfar Sitalin?

Tsantsar azurfa tana da laushi ƙwarai, idan aka ƙera munduwa da ita ba ta daɗewa sai ta lanƙwashe ko ta lotse. Don haka tun zamanin da maƙera ke gama ta da jan ƙarfe kaɗan don ta yi ƙwari. Gamin da ya fi shahara a duniya shi ne wanda ake kira sitalin, wato a cikin kowane kashi 1,000 akwai azurfa kashi 925, sauran kashi 75 kuma yawanci jan ƙarfe ne. Wannan shi ne ma'anar lambar 925 da kuke gani a cikin zobe ko a maɓallin sarƙa. Akwai kuma wasu ma'aunai: 950 da 900 da 835 da 800, kowace lamba tana faɗin yawan azurfar da ke cikin kashi 1,000.

Ingila ta tsananta wannan al'amari ƙwarai. Tun a shekarar 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya kafa doka cewa ba za a sayar da aikin azurfa ba sai ya kai wannan ma'auni, an gwada shi, an buga masa hatimin kan damisa. Abin lura a nan shi ne, fiye da shekara 700 da suka wuce wata al'umma ta gane cewa ido kaɗai ba ya bambanta azurfa ta gari da ta algus, don haka ta ɗora alhakin gwaji a kan hukuma. A ƙasarmu maƙera ba su saba buga hatimi ba. Amana ce ke tsakanin maƙeri da mai kaya, kowa ya san gidan da aikinsa ya fito. Yau da masu aikin suka kwanta dama, shaidar ta tafi da su, sai dai a koma ga gwaji.

Ina Maƙeranmu Suka Samo Azurfa?

Sana'ar ƙira a ƙasar Hausa ta kasu gida biyu. Akwai maƙeran baƙi masu fartanya da garma da lauje, akwai kuma maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da sauran kayan ƙawa, na mata da na dawaki. Mafi yawan azurfar da maƙeran fari suka yi aiki da ita kuɗi ne aka narkar. Sanin waɗannan kuɗaɗe shi ne rabin sanin kayan.

Na farko shi ne liyari, babban kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai ɗauke da hoton Sarauniya Mariya Teresa. Fatake sun shigo da shi ta Sahara da ta gabas, ya yi ƙarfi ƙwarai a Borno, ya kuma zagaya kasuwannin ƙasar Hausa. Baturen nan ɗan Jamus mai yawon duniya, Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da suna Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canza irin wannan dala a kan wuri 2,500. Nauyin liyari giram 28 ne da ɗan ɗoriya, ma'auninsa kuma 833. Ke nan munduwar da aka ƙera da liyari huɗu za ta haura giram 110, amma ba ta kai sitalin tsarki ba. Sai a yi hattara da abu guda: Sarauniyar ta rasu a 1780, kuma tun daga lokacin duk liyarin da aka buga wannan shekara ake rubuta masa. An buga ɗaruruwan miliyoyi a Biyana da Landan da Roma da Faris da Bombai da wasu biranen, har cikin ƙarni na 20 da bayansa. Don haka idan mai talla ya nuna muku 1780 ya ce kuɗin ya shekara ɗari biyu da wani abu, shekarar ba hujja ba ce.

Na biyu su ne kuɗin Ingila masu kan Sarauniya Biktoriya da na ɗanta Sarki Edward na Bakwai, sannan kuɗin Afirka ta Yamma da aka fara bugawa na azurfa a 1913, bayan kafa hukumar kuɗi ta yankin a 1912. Su ne fataka da sule mai hoton bishiyar kwakwa da sisi da taro. Waɗannan na farkon sitalin ne cikakke. Sule ɗaya giram 5.66 ne, wato sule 18 sun isa munduwa mai giram 100. Daga 1920 aka fara maye gurbinsu da na wani gami mai launin rawaya wanda babu azurfa a cikinsa. A Ingila ma a 1920 aka rage azurfar kuɗinsu zuwa rabi, a 1947 aka cire ta baki ɗaya. Kwabo da ɗari da anini masu huji ba na azurfa ba ne, haka nan sulallan Nijeriya na 1959.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne kayanmu na gida ba su da ma'auni ɗaya. Maƙeri kan haɗa abin da aka kawo masa, liyari da sule da tsohon zobe, wani lokaci ya ƙara jan ƙarfe don aikin ya auku. Munduwa biyu masu kama ɗaya, daga ɗaki ɗaya, suna iya bambanta nesa ba kusa ba.

Karanta Hatimi

Baya ga na gida, akwai azurfar waje a hannun jama'armu: wadda alhazai suka zo da ita, wadda ma'aikata suka sayo lokacin da suka je kwas a Turai, da wadda ke faɗowa cikin kayan gwanjo. Waɗannan sukan zo da hatimi, ƙanana ƙwarai, sai an sa madubi mai ƙara girma ko an ɗauki hoto da waya an faɗaɗa.

A kayan Ingila a nemi zaki mai tafiya ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Tun 1544 ake buga shi, kuma shi ne shaidar sitalin. Kusa da shi akwai alamar garin da aka yi gwajin: kan damisa na Landan ne, ankar jirgin ruwa ta Birmingham ce, kambi na Sheffield ne kafin a sauya shi da fure a 1975. Akwai harafi ɗaya da ke nuna shekarar gwaji, wanda ake duba shi a jadawali, sai kuma haruffan farko na sunan maƙerin ko kamfanin. A kayan Faransa, tun 1838, ana buga kan wata mace mai sanye da kwalkwali. A na Jamus, tun 1888, akwai jinjirin wata da kambi tare da lamba, sau da yawa 800. Kayan Amurka kuwa kalmar STERLING ko lambar 925 ake rubuta musu, kuma kamfanin ne ke bugawa da kansa.

Akwai kuma hatiman da ke cewa a yi baya. Haruffan EPNS na nufin an yi wa wani ƙarfe wankan azurfa ne kawai da lantarki, ɓawon da bai kai kaurin takarda ba. Abin da ake kira azurfar Jamus, ko aka rubuta masa ALPACA, gamin jan ƙarfe ne da nikel da zinki, babu ƙwayar azurfa a cikinsa sai suna.

Jama'a, a riƙe ƙa'idoji biyu. Rashin hatimi ba ya nuna kaya jabu ne, domin aikin maƙeranmu da na Buzaye da yawa ba shi da hatimi, ko a Ingila ma dokar 1973 ta yafe wa abin da bai kai giram 7.78 ba. Haka nan ganin 925 ba ya tabbatar da gaskiya, domin ƙarfen buga wannan lamba abu ne da kowane ɗan damfara ke iya mallaka. Hatimi mafarin bincike ne kawai.

Gwajin Da Kowa Zai Iya Yi

Gwaji na farko shi ne na maganaɗisu. Azurfa ba ta bin maganaɗisu, don haka duk abin da ya manne masa a ajiye shi gefe. Sai dai jan ƙarfe da tagulla da azurfar Jamus su ma ba sa binsa, saboda haka wannan gwaji yana kore baƙin ƙarfe ne kawai. A lura kuma cewa maɓallin sarƙa ta gari yakan ɗan motsa, don akwai siririn ƙarfe a cikinsa.

Na biyu shi ne duba wuraren da suka goge, kamar gefen munduwa da cikin zobe. Idan rawaya ko ja ya leƙo daga ƙasa, wanka aka yi wa kayan. Azurfa ta gari duk inda ta goge fara ce.

Na uku shi ne gwajin ruwa, wanda ɗalibanmu da suka yi kimiyya a sakandare za su tuna. A sami ƙaramin sikeli na lantarki mai auna giram. A auna kayan a rubuta. A ɗora kofin ruwa a kan sikelin a mayar da shi sifiri. Sannan a ɗaure kayan da zare a nutsar da shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindin kofin ko gefensa ba, a rubuta abin da sikelin ya nuna. A raba nauyin farko da na biyu. Alal misali, munduwa mai giram 103 da ta nuna giram 10 a ruwa ta ba da 10.3. Sitalin yana ba da wajen 10.3, azurfar liyari wajen 10.2, azurfar Jamus wajen 8.7, tagulla wajen 8.5, sanholo kuwa 2.7 kacal. Wannan gwaji ba ya aiki a kan abu mai rami a ciki ko mai duwatsu, kuma wanda ya ƙware a algus yana iya cusa darma don ƙara nauyi, tunda darma ta ɗan fi azurfa nauyi.

Abin da ya wuce waɗannan na masu sana'a ne. Suna goga kayan a kan dutse su ɗiga ruwan asid su duba launi, manyan 'yan kasuwar gwal kuma wasunsu na da na'ura mai haska ƙarfe ta faɗi abin da ke cikinsa. Na'urar ma fatar waje take karantawa, don haka wanka mai kauri na iya ruɗa ta. Kada a yarda a yanka ko a kankare kaya mai kyakkyawan aiki da sunan gwaji sai a wurin da ido ba ya gani, kuma da izinin mai shi.

Lissafin Nauyi

Idan an tabbatar azurfa ce, sai a zo ga lissafi, wanda bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Kasuwar duniya tana faɗin farashi ne da ozar ƙarafa masu daraja, wadda take giram 31.1, ba ozar kayan abinci ba mai giram 28.3. A ɗauka, don misali kawai, oza tana dala 50. A raba 50 da 31.1, giram ɗaya na tsantsar azurfa ya kama dala 1.61. Munduwa mai giram 100 ta sitalin tana ɗauke da giram 92.5 na tsantsa, wato kimanin dala 149. Idan ta liyari ce, giram 83.3 ke nan, kimanin dala 134. Sai a ninka da canjin naira ko na sefa na wannan rana. Kafin a auna a cire nauyin murjani da tsakiya da zare, don ba azurfa ba ne, ko da yake tsohon murjani na gaske yana da nasa kuɗin daban, kada a bari a haɗa shi kyauta.

Babu mai narkarwa da zai biya wannan adadi cif, domin yana da kuɗin wuta da na tacewa da ribarsa, kuma wannan ba zalunci ba ne. Amfanin lissafin shi ne mai kaya ya shiga kasuwa da lamba a kansa. Wanda ya san ƙarfen munduwarsa ya kai kaza, idan aka taya masa rubu'in haka, ya san ya ce albarka ya yi gaba.

A kuma sani farashin nan ba tsaye yake ba. A watan Janairu na 1980 ya kusa dala 50, kafin ƙarshen Maris na shekarar ya faɗo zuwa wajen 11. A Afrilu na 2011 ya sake kusantar 50, zuwa ƙarshen 2015 ya koma wajen 14. Don haka a duba farashin ranar ciniki, ba na watan jiya ba. Masu tunanin kwashe jarinsu su sayi azurfa don ta tashi su ma su yi nazarin waɗannan shekaru.

Abin Da Sikeli Ba Ya Aunawa

Kuɗin nauyi shi ne mafi ƙarancin darajar kaya, daga nan ake hawa. Hawa na farko shi ne aikin hannu. A duba zanen, shin da hannu aka sassaƙa shi, ana ganin ɗan bambanci tsakanin layi da layi, ko kuwa inji ne ya buga dubbai iri ɗaya? Abin wuyan nan na Agadas da maƙeran Buzaye suka shahara da shi misali ne mai kyau. Ana siffanta shi da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba azurfa a gurbinsa, sannan a fasa yumɓun a yi zane da hannu. Tunda kowane sai an fasa mazubinsa, da wuya a sami biyu iri ɗaya sak. Tsohon irin wannan, wanda wuya ya goge shi shekara da shekaru, masu tara kayan tarihi na ba shi daraja fiye da nauyinsa.

Hawa na biyu shi ne sunan maƙeri. A kasuwannin Turai da Amurka, aikin gidan Georg Jensen da aka kafa a Kofanhegan a 1904, ko na Tiffany na Amurka, ko na fitattun maƙeran garin Taxco na Meziko, ana sayen sunan ne tare da ƙarfen. Saboda haka ne ma aka fi yin jabunsu.

Hawa na uku shi ne lafiyar kaya da cikarsu. Mundaye biyu 'yan tagwaye sun fi daraja a haɗe. Gyaran da aka yi da darma yana rage kuɗi. A nan muke jan kunnen 'ya'yanmu mata: kada a dirje tsohuwar azurfa da toka ko yashi ko soson ƙarfe, kada kuma a kusanta ta da ruwan bilic. Baƙin da take yi ba tsatsa ba ne, farar wutar da ke cikin iska ce ke haɗuwa da fatarta, kuma wanda ya kwanta cikin zane shi ke fito da kyan zanen. Masu saye na ƙwarai suna nemansa. Ruwan ɗumi da sabulu mai laushi da ƙyallen auduga sun wadatar. A ajiye ta cikin auduga a busasshen wuri, kada a ɗaure ta da roba, don roba na sa ta baƙi.

Hawa na huɗu shi ne tarihi. Munduwar da aka san wadda ta sa ta, da shekarar aurenta, da gidan maƙeran da suka yi ta, ta fi wadda ba a san asalinta ba. Wannan ilimi yana bakin tsofaffinmu ne, kuma kullum raguwa suke yi. Idan kun zo gida hutun salla, ku zauna da su da biro da takarda.

Shiga Kasuwa

Wanda ya yanke shawarar sayarwa, hakkinsa ne, kuma buƙata ba abin kunya ba ce. Amma sauri ya haifi nawa. A fara ware kayan gida biyu: karyayyu da marasa aiki waɗanda nauyi ne kawai darajarsu, da kuma masu aiki da tarihi. Na farkon su ake kai wa mai narkarwa. Na biyun a nemi masu sayen tsofaffin kaya, irin waɗanda ake samu a Kasuwar Kurmi ta Kano da kasuwannin kayan fasaha na Abuja da Legas da Yamai da Agadas.

A auna kaya a gida, a ɗauki hoto, a rubuta nauyi kafin su fita. A ji tayin mutum uku aƙalla, waɗanda ba rumfa ɗaya suke ba. Kada kaya su ɓace wa ido a shiga da su ciki da sunan gwaji. Idan ta hannun dillali ko dillaliya za a bi, a yanke la'ada tun farko a gaban shaidu. Masu duba farashi a intanet su lura da abin da aka saya a kai, ba abin da mai talla ya rubuta ba, domin kowa na iya sa wa kayansa kuɗin da ya ga dama. Kada a aika da kaya sai kuɗi sun tabbata a asusu, ba a saƙon waya ba.

Ga matasanmu masu son shiga wannan sana'a ta saye da sayarwa, ƙofa a buɗe take, jarinta na farko kuma sikeli ne da madubi da haƙurin koyo wajen na gaba. Ribar halal tana cikin sanin kaya da sanin inda ake nemansu. Wanda ya sayi munduwar tsohuwa a kan kuɗin tagulla alhali ya san azurfa ce, ya ci amanar garinsu, kuma a gari irin namu labari ba ya ɓuya. Haka nan in an zo sayarwa, a faɗi nauyi da ma'auni da duk wani gyara ko aibi.

Gado Da Doka

Galibin rigimar da ke tasowa kan waɗannan kaya ta gado ce. Kayan adon mamaciya suna cikin abin da ta bari, babu wanda ke da ikon ɗauka ko sayarwa kafin rabo, komai kusancinsa da ita. Hanya mafi tsafta ita ce a tara kayan a gaban magada, a auna, a sa masana biyu ko uku su yi musu kuɗi, sannan a ba magada damar saye a kan wannan kuɗi kafin a kai wa bare. Ta haka kowa ya sami hakkinsa, kayan kuma su tsaya a gida.

Malamanmu sun kuma yi bayani cewa ba a musayar azurfa da azurfa sai nauyi ya zo daidai kuma hannu da hannu, don haka mai son sabuwa ya sayar da tsohuwar da kuɗi tukuna, sannan ya saya. A mazhabar Malikiyya babu zakka a kan kayan adon da mace ke sawa, amma wanda aka ajiye don kasuwanci hukuncinsa daban ne, kuma nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595. Mai irin wannan hali ya tuntuɓi malami.

Ta fuskar hukuma kuwa, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ta taƙaita cinikinsu ga wakilan da aka amince da su, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Wanda ke da kaya masu irin wannan tsufa, musamman na gidajen sarauta, ya fara neman shawara a gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano ko na Kaduna ko na Jos.

Shawarwari Ga Ƙungiya

Na ɗaya, ƙungiya ta sayi sikeli mai kyau da madubi da maganaɗisu ta ajiye a ofishinta na gida, a koya wa mutum biyu aiki da su, ɗaya daga cikinsu mace, don iyayenmu mata su auna kayansu kyauta ba tare da jin nauyi ba.

Na biyu, reshen mata ya buɗe littafi na sirri, duk gidan da ya yarda a ɗauki hoton kayansa a rubuta nauyi da tarihi. Wannan zai taimaka ranar rabon gado, ya kuma zama shaida idan an yi sata.

Na uku, a ware wani abu daga asusun taimako don ba da rance marar ruwa ga wadda rashin lafiya ko kuɗin makaranta ke neman tilasta mata rabuwa da kayan uwarta a kan arha.

Na huɗu, a nemo ragowar maƙeran fari na yankinmu, a ɗauki nauyin yara biyu ko uku su koyi aikin, mu kuma da ke haɗa lefe a birni mu riƙa ba su aiki.

Kammalawa

Iyayenmu mata ba su da asusun banki, azurfar nan ita ce ajiyarsu. Da ita aka sayi hatsi a shekarun fari, da ita aka biya wa wasu da ke zaune a ɗakin nan kuɗin mota zuwa makarantar kwana. Abin da ya rage a cikin adaka shi ne wanda suka daure suka hana kansu sayarwa. Idan ya zama dole ya fita, ya fita da awo da lissafi da shaidu da yardar masu hakki. Idan kuwa ba dole, a bar wa jikoki tare da takardar da ke faɗin ta wace ce.

Muna roƙon shugabannin rassa su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su sami zuwa ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara haɗa kanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.